Wasiƙa ga masu kiwon murjani: kada a ɗora ruwan zafi

Zuwa ga masu kiwon murjani a tankin ruwan gishiri, da masu shagunan da ke sayar musu da kaya.

Maganar zowantid ce ta sa aka ɗauki alƙalami. Duk wanda ya taɓa haɗa tanki ya san su: 'yan ƙananan halittu masu zagayayyen kai da gashi a gefe, wasu kore shar, wasu ruwan lemo, wasu launin ƙasa. Su ake fara sayar wa sabon shiga saboda arha da juriya. Juriyar nan ce kuma ke zama matsala daga baya. Ba ɗaiɗai suke zaune ba, wata fata ce a ƙarƙashinsu ta haɗe su, tana bin dutse kamar yaɗon dankali, duk inda ta taɓa sai sabon kai ya tsiro. Mutum zai sayi kawuna biyar a kan ɗan guntun dutse, kafin ya ankara sun hau babban dutsen tsakiya, sun kewaye gindin murjanin da ya kashe wa kuɗi, sun tare masa haske. Wasu ma ba saye aka yi ba, a jikin dutse suka shigo.

A nan ne haushi ke sa mai tanki ya yi abin da zai kai shi asibiti.

A shekarar 2007 wani mutum a jihar Bajiniya ta Amurka ya gaji da irin waɗannan baƙi a dutsensa, ya kwara musu tafasasshen ruwa. Tururin da ya shaƙa ya shaƙe masa numfashi. Jonathan Deeds, masani a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ya gwada abin da ya rage a tankin, ya tarar da guba mai suna falitoksin jibge a ciki. Shi da abokan aikinsa ba su tsaya nan ba, suka zaga shagunan kifi na kewayen birnin Washinton suna saye suna gwadawa. A rahoton da suka fitar a 2011 sun ce sun sami irin wannan halitta guda huɗu a shaguna uku, kuma duka huɗun na ɗauke da gubar sosai. Kafin nan, abin da ake yawan faɗa a harkar shi ne masu dafin gaske ba sa zuwa kasuwa.

Gubar tana da tarihi. Mutanen Hana da ke tsibirin Mawi a Hawai sun daɗe da labarin wani kududdufi a bakin teku, wanda mayaƙa ke shafa abin da ke cikinsa a tsinin mashi. A 1971 Richard Moore da Paul Scheuer na Jami'ar Hawai suka ware gubar daga halittar kududdufin, wadda ake kira Palythoa toxica. Aikinta a jiki shi ne lalata ɗan famfon da ke daidaita gishirin sodiyam da fotasiyam a bangon ƙwayar halitta, ta bar shi a buɗe. Har yau ba ta da makari, likita sai dai ya tallafi numfashi da sauran jiki har ta lafa. Tafasawa kuma ba ta kashe ta, ɗaga ta sama take yi ta shiga hanci.

An fi samun ta a dangin Palythoa, masu faɗin kai da kaurin fata, waɗanda ke cusa yashi a jikinsu. Dangin Zoanthus masu ƙananan kawuna da launi mai haske sun fi sauƙi. Amma ido ba ya tantance mai dafi, sunayen talla da ake laƙaba musu a shago kuwa ba su gaya wa kowa komai. Mai hankali zai ɗauki kowannensu a matsayin mai dafi, ya yi aikinsa a kan haka.

Mafi sauƙin magani tun ranar saye ake yinsa. A ajiye su a dutsensu su kaɗai, a tsakiyar yashi, da tazara tsakaninsa da babban gini, domin fatar ba ta iya kama yashi mai motsi yadda take kama dutse. Wasu na kewaye dutsen da ƙananan ɓaraguzai. In yaɗon ya hau ɓaraguzan sai a ɗauke, a sa wasu, a ba wani mai so. A rage musu ciyarwa kuma, don Palythoa na cafke abinci da kansu, ga abin da suke samu daga haske, tankin da abinci ya yi wa yawa kuwa gona ce a wurinsu.

In sun riga sun haye, aikin na haƙuri ne, kuma a cikin ruwa ake yinsa. Safar hannu doguwa har gwiwar hannu, tabarau mai rufe ido ta ko'ina, da takunkumi. Tabarau ɗin ba ado ba ne: kan da aka matsa yakan tsarto ruwa, an kuma sami waɗanda idonsu ya yi mummunan rauni ta haka. A kashe injinan juya ruwa. A dama garin kalkwasa, wato farar ƙasar kalsiyam da masu tanki ke amfani da ita, ya yi kauri ya zama ƙullu, a zuƙa a sirinji. Sai a kai bakin sirinjin a hankali kan kai ɗaya. Da ya ji taɓi zai tsuke gashinsa ya dunƙule, a lulluɓe shi da ƙullun har gindi, a koma na kusa da shi. Bayan ɗan lokaci a zuƙe ƙullun da ruɓaɓɓen naman da tiyo kafin a kunna injina, kuma ba da baki ake ja wa tiyon ruwa ba. Ɗan wuri kaɗan ake yi a rana, domin kalkwasa mai yawa na hargitsa ma'aunin tsamin ruwan, kifi da sauran murjani su sha wahala. A sa sabon gawayin tace ruwa, shi ke tsotse gubar da ta fita, a canja wani kaso na ruwan.

Wurin da hannu ba ya kaiwa sosai, ana iya danne shi da ƙullun ifoksi a hana shi haske. Sai dai a rufe har gefe, don guntun fatar da ya leƙo zai sake tsirowa. Batun sayo kifi ko katantanwa su cinye su kuwa, mai wannan wasiƙa bai ga hikimarsa ba. Kifin da ya ci zowantid yau, gobe murjani mai tsada zai koma wa.

Dutsen da ya cika maƙil ba shi da gyara, fitar da shi ake yi. Bokiti na jira a gefen tanki tun kafin a ɗaga shi, da ruwa mai sanyi da bilicin wanki, kashi ɗaya na bilic a kashi goma na ruwa, a waje inda iska ke kaɗawa. Ya jiƙu aƙalla rabin awa. Abin da za a zubar a ƙulle shi a leda biyu. Ba a gogewa da buroshi, ba a sa zarto, ba a fesa ruwa mai ƙarfi, ba a shanya shi a tsakar gida inda yara da kyanwa ke wucewa.

Wanda yake ganin an cika tsanani ya dubi abin da ya faru a wurare uku. A watan Agustan 2014 a birnin Ankorej na Alaska, an kwashe murjani zuwa wani tanki a cikin gida, mutanen gidan suka tashi da zazzaɓi da tari da ɗaci irin na ƙarfe a baki, har dabbobin gidan ma suka yi rashin lafiya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa labarin a 2015. A 2017 iyali mai mutum bakwai a Aldinga, kudancin Ostareliya, suka kwanta asibiti bayan an goge murjani a gida. A watan Maris na 2018 a ƙauyen Steventon na Ingila, mutum goma aka kai asibiti bayan wankin tanki, huɗu daga cikinsu 'yan kwana-kwanan da suka zo ceto ne. A duk ukun, har waɗanda ba su tsoma hannu a ruwan ba abin ya shafa.

Alamomin kan ɗauki sa'o'i kafin su fito, shi ya sa ake ɗauka mura ce: zazzaɓi, tari, ƙuncin ƙirji, ciwon tsoka, jan ido. Wanda ya ji haka bayan aikin tanki ya fitar da kowa daga ɗakin, ya buɗe tagogi, ya wanke ido ko fata da ruwa mai yawa, ya nufi asibiti. Likitoci da yawa ba su taɓa cin karo da wannan guba ba, saboda haka ya faɗi sunanta, ya faɗi abin da ya taɓa da lokacin da ya taɓa shi, ya nuna hoton halittar in yana da shi a waya.

Masu shago su ma da nasu kason. Takarda guda a jikin tankin sayarwa, mai ɗauke da sunan gubar da gargaɗin ruwan zafi da buroshi, ba za ta kori mai saye ba. Wanda zai ba abokinsa guntun dutse kyauta shi ma ya gaya masa abin da ke kai kafin ya miƙa ledar.