Malamin da ya dawo gida, ina ɗakin gwajinsa?

A ƙarshen 2024 asusun TETFund ya sanar da cewa daga 1 ga Janairun 2025 ya dakatar da tura malaman manyan makarantu karatun digiri na biyu da na uku a ƙasashen waje. Dalilai biyu aka bayar: faɗuwar darajar naira, da kuma malaman da ke gama karatu su ƙi dawowa. Duka biyun gaskiya ne. Dalar da farashinta a hukumance bai kai naira 500 ba a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, don haka kuɗin da ke ɗaukar nauyin mutum uku a da, yanzu da ƙyar yake isar mutum ɗaya.

Sai dai ina ganin an tsaya a rabin hanya. Ana yawan kallon ƙin dawowa a matsayin butulci, kuma lallai wanda ya sa hannu a yarjejeniya ya karya ta ya ci amana. Amma a duba halin wanda ya cika alƙawari. Ya shafe shekara huɗu yana nazarin ƙwayoyin cuta da na'urorin da ba sa mutuwa, ya dawo sashen da firjin ajiye samfura ke narkewa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Tun da aka ƙara kuɗin lantarki na rukunin Band A a Afrilun 2024, jami'o'i da dama na fama da biyan kuɗin wuta. Sinadaran gwaji kuwa sai an sayo su da dala. Cikin shekara biyu ko uku, mai binciken ya koma mai koyar da aji da cika takardun jarrabawa kawai.

Indiya ta gane wannan matsalar. Ƙarƙashin shirin Ramalingaswami, gwamnatinta na ba masanan kimiyyar halittu da ke waje albashi da kuɗin bincike na wasu shekaru idan suka koma aiki a wata cibiya ta gida. Wato tallafin yana bin mutum har ɗakin gwaji.

Kuɗin da TETFund ke samu daga harajin ribar kamfanoni ya isa a gwada irin wannan. Abin da aka tsimin daga dakatar da karatun waje ya kamata a ware shi a bayyane: kaso na wutar sola da kayan gwaji a sassan kimiyya, kaso kuma na tallafin farawa ga duk wanda ya kammala digiri na uku, ko a Zariya ya yi ko a Ingila.

In ba haka ba, an yi gudun gara ne an tarar da zago. Horon cikin gida da aka koma a kai yana buƙatar ɗakunan gwajin nan da suka gagari waɗanda suka dawo, kuma a cikinsu ne za a horar da ɗaliban gobe.