Birnin Tsaba: wa ya rage da zai ba da rance?

A 1967 wata Baturiyar Ingila mai nazarin tattalin arziki, Polly Hill, ta tare a Batagarawa, kusa da Katsina, tana bin gonaki da rumbuna gida-gida. Littafin da ta fitar a 1972 ya rushe zancen da ake yi cewa manoman karkara duk talaucinsu ɗaya. Ta iske akwai magidancin da tsabar rashi ke hana shi noma ko da yana da gona. Da kaka ya sayar da hatsinsa da araha don biyan bashi, kafin ruwa ya zauna hatsin rumbu ya ƙare, sai ya ɗauki fartanya ya tafi ƙwadago gonar wani, tasa kuwa ciyawa ta cinye. Baɗi ma haka.

A 1988 zuwa 1989 wani masanin daga Amurka, Christopher Udry, ya bi diddigin rance a ƙauyuka huɗu na ƙasar Zariya. Abin da ya gano ya fi jan hankalinmu. Mutane na ba juna bashi ba jingina, galibi ba takarda, kuma abin da za a biya yana bin halin da aka shiga. In ambaliya ta ci gonar wanda ya ranta, a sassauta masa. In mai kuɗin ne ciwo ya kwantar, wanda ya ranta ya ƙara masa wani abu. Wato ƙauye na da inshorarsa tun kafin banki ya san hanyar garin. Sai dai tsarin na tafiya ne muddin masifa ba ta faɗa wa kowa lokaci guda ba.

To, abin da ya sami Birnin Tsaba da maƙwabtanta a Zurmi, Shinkafi da Ƙauran Namoda ke nan. Idan 'yan bindiga suka aza wa gari harajin noma, gida-gida ake bi ana karo-karo. Idan aka ɗauke mutum, a sayar da shanun huɗa da babur, a kwashe rumbu, dangi na nesa ma su turo. Mai hali da ake zuwa zaurensa da asuba neman tiya biyar ta gero, yau shi ma yana Gusau a gidan haya. Da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a Satumbar 2021, har kasuwar Alhamis ta Shinkafi ta tsaya, mai akuyar sayarwa ya rasa inda zai kai ta.

Wannan fa ƙasa ce da jirgin ƙasa ya iso Ƙauranta tun 1929 don kwasar gyaɗa da auduga.

Mun gaji da ganin ana raba taki gaban kyamara bayan an gama noman fari, ga mutanen da ba su isa su taka gonar da ta wuce bayan gari ba. A ganinmu gwamnati ta fara da tsare hanyar gona daga shuka zuwa girbi. Sannan ta sayi hatsi da kaka da farashi mai mutunci, ta ajiye a hedikwatar gunduma, ta ba da shi rance a Yuli da Agusta, lokacin da yunwa ke korar magidanci daga gonarsa, ta kuma ɗage biya ga garin da aka kai wa hari.

Akwai kuma aikin da ke jiran Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda. Su zauna da hakimai da 'yan gudun hijira, su ƙirga gonakin da suka koma saura da abin da kowane gari ya biya 'yan bindiga bara, kafin a rubuta kasafin noma na baɗi.