Lambun Tsirrai na Limbe: Baƙo da Ɗan Gida

A gindin Dutsen Kamaru, daf da gaɓar Tekun Atilantika, akwai garin Limbe, wanda ake kira Biktoriya kafin shekarar 1982. A nan ne Jamusawa suka kafa lambun nazarin tsirrai a 1892, a ƙarƙashin jagorancin wani masani mai suna Paul Preuss. Manufarsu ta kasuwanci ce, wato su gwada shuke-shuken da suka kawo daga wasu nahiyoyi, kamar koko da roba da itacen da ake samun kwinin a ɓawonsa, domin a gane wanda zai karɓi ƙasar kafin a baza shi a manyan gonaki.

Duk wanda ya shiga lambun, baƙin itatuwa masu ban sha'awa ne za su fara ɗauke masa hankali. To amma ɗalibin kimiyya ya kamata ya ba da mafi yawan lokacinsa ga tsirran gida, ko da kuwa ba su da ƙyale-ƙyale, domin su ne ke cikin haɗari.

Alal misali, koko ɗan asalin Kudancin Amurka ne, kuma ya cika gonakin Gana da Nijeriya da Kamaru, babu fargabar ɓacewarsa. Amma akwai wani itace da ke tsirowa a kan Dutsen Kamaru, mai suna Prunus africana a kimiyyance, wanda ake haɗa maganin kumburin mafitsarar maza da ɓawonsa. Idan aka saɓule ɓawon kewaye da gangar itacen, an yanke hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa ke nan, sai itacen ya mutu a tsaye. Ɓarnar ta kai ga sanya shi cikin jerin tsirran da ake sa wa cinikinsu ido a duniya a 1995. Haka kuma akwai eru, wani tsiro mai yaɗo da ake miya da ganyensa, wanda ake kira afang a kudu maso gabashin Nijeriya. Yawan tsinkarsa a daji ya sa ma'aikatan lambun suka yi gwajin dasa shi daga reshe, domin manomi ya shuka abinsa a gona.

Wani zai ce ai baƙin tsirrai ne ke ciyar da jama'a, tunda rogo da masara da gyaɗa duk daga nahiyar Amurka suka zo. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai raina su. Sai dai waɗannan suna da dubban manoma masu adana irinsu kowace shekara. Tsiron daji kuwa, idan ya ƙare a mazauninsa, ba shi da wata ƙasa da za a koma a ɗebo shi.

Ba kowace makaranta ce za ta iya kai ɗalibai Limbe ba, amma darasin bai fi ƙarfin kowa ba. Harabar makarantu da dama a ƙasar Hausa cike take da darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya ne. Ya dace malamin kimiyya ya ware ɗan fili a dasa kaɗanya da ɗorawa da kanya da aduwa, a kafa wa kowanne allo mai ɗauke da sunansa na Hausa da na kimiyya da kuma amfaninsa, sannan a danƙa wa kowane aji itace guda ya riƙa shayar da shi.