Kafin Ka Sayi Bindigarka ta Farko

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wata hira da muka yi da wani abokina a majalisarmu ta bayan la'asar a Haɗeja. Shi wannan aboki nawa bai daɗe da kama aikin gwamnati ba, albashinsa na uku ma bai shiga hannu ba tukuna. Muna zaune sai ya miƙo mini wayarsa, na ga wani Bature a Amurka yana ta bayani ga masu son mallakar bindiga karon farko: yadda mutum zai zaɓi mai sauƙin kuɗi, sa'an nan ya bi ta da gyare-gyare, ya ɗaura mata madubin hange, ya sake mata gindi, ya ƙara mata babban gidan harsashi. Da hoton ya ƙare sai ya dube ni ya ce, "Wallahi, aboki, da na tara 'yan kuɗi irin wannan zan nema. Gonar shinkafar Baba da ke fadama ba za ta sake zama abincin shanun wani ba." Mutanen majalisa suka yi dariya, amma ni ban yi ba, domin kuwa na san ba shi kaɗai ne ke wannan tunani a cikin samarinmu masu ilmi ba.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Bindigar da Baturen nan yake talla ita ce mai ɗura kanta, watau wadda ƙarfin harbin farko shi ne ke fitar da kwanson da ya ƙone, ya kuma tura sabon harsashi a mazauninsa. Mai riƙe da ita ba abin da zai yi sai jan kunama, kowane ja harsashi ɗaya, har gidan ya ƙare. Ka kwatanta ta da adakar maharbanmu, wadda sai an zuba albarushi ta baki, an danna, an shirya, kana a yi harbi guda. A tsakanin harbi da harbi akwai lokacin da zuciya za ta iya sanyi, ko wani dattijo ya shiga tsakani. Mai ɗura kanta ba ta ba da wannan lokaci. A Amurka tsarin mulkinsu ya ba su damar riƙe makami tun 1791, shi ya sa ake sayar da irin wannan a kanti. Amma Baturen bai gaya wa abokina cewa a shekarar 2021 kaɗai sama da mutum 48,000 ne bindiga ta yi ajalinsu a wannan ƙasa ba, kuma fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu.

To, mu a nan me dokarmu ta ce? Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, kamar bindigogin soja da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda ba mai ba da izinin riƙe su sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu, lasisinsu kuwa a hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda yake. Daga cikin wannan kashi dokar ta cire bindigar farauta mai watsa harsashi idan tana ɗura kanta. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki, irin adakar gargajiya, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bugu da ƙari, dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi tarar Naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya san abin da ɗauri yake nufi ga aikinsa da fanshonsa da sunan gidansu.

Saboda haka idan wani ya raɗa maka cewa akwai wata "mai araha" da za a kawo maka ba takarda ba tambaya, ka san daga inda ta fito. Daga kasuwar bayan fage ta fito, kasuwar da ta ƙara cika tun bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, lokacin da makamai suka bazu a ƙasashen Sahel. Dillalin da zai sayar maka shi ne ke sayar wa ɗan fashin daji, kuɗinka kuma su ne jarin da zai sayo wata ya kai wa wanda kake tsoro. Ba ka san hannu nawa ta bi ba, ba ka san ran wa aka ɗauka da ita ba, ranar da aka kama ta a ɗakinka kuwa duk tarihinta a wuyanka zai rataya. Gyaran da kake mafarkin yi mata shi ma a ɓoye za a yi shi, a hannun wanda bai koyi aikin ba, ƙarfen da aka taɓa ba da sani ba kuwa mai shi yake fara ci. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nan ma ba ta tsira.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Zai ce tsoron nan na gaskiya ne, 'yan sanda sun yi kaɗan, ofishinsu yana da nisa da fadama, manomin da ya ci bashi ya shuka shinkafa kuma yana iya wayar gari ya tarar da gonarsa ta zama fili. Zai ƙara da cewa manya ma sun faɗa. Janar T. Y. Danjuma ya yi kira ga jama'a su kare kansu a Jalingo a watan Maris na 2018. Aminu Bello Masari, lokacin yana Gwamnan Katsina, ya yi irin wannan kira a 2021. A watan Yuni na 2022 kuma gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta umarci mutane su nemi izinin mallakar bindiga, abin da shugabannin tsaro na tarayya suka ƙi amincewa da shi. Duk wannan gaskiya ne. Amma mu tambayi kanmu, wai shin yaya Zamfara ta kai ga wannan hali? Rikicin da ya fara da satar shanu da jayayyar gona da burtali ne ya rikiɗe, 'yan sa-kai suka ɗauki doka a hannunsu, waɗanda aka taɓa su ma suka nemi makami don ramuwa, kowane ɓangare yana cewa kare kansa yake yi. Kiran da gwamnan ya yi kuka ne na wanda ruwa ya riga ya ci. Mu da Allah ya rufa wa asiri a Jigawa, me zai sa mu fara da abin da su suka ƙare da shi? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu dubi tushen rigimar fadamarmu da idon basira. Tun kaka da kakanni Kogin Haɗeja ke tumbatsa da damina ya malale fadama, masunci ya kama kifi, manomi ya girbe shinkafa, da ruwa ya janye kuma makiyayi ya shigo da dabbobinsa su ci kara su bar taki. Kowa da lokacinsa. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai tsarin ya sauya. Ambaliyar damina ta ragu a wasu wurare, ruwa kuma ya riƙa kwanciya duk shekara a wasu, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Gonaki suka nutse a nan, suka bushe a can, tsuntsun jan-baki ya samu mafaka a cikin kachala yana cinye amfanin gona. Daɗin daɗawa, noman rani ya bunƙasa, filin da dā makiyayi ke sauka da rani yanzu akwai alkama ko shinkafa ko tattasai a cikinsa, burtali ma ya shiga gona. Wannan shi ne abin da ke haɗa mutane faɗa a yankunan Guri da Kiri Kasamma da Birniwa. Ruwa da ƙasa ne suka yi kaɗan, mutane da dabbobi suka yi yawa. Harsashi ba ya sare kachala, ba ya kuma auna burtali.

Abin da bindiga mai ɗura kanta za ta iya yi a irin wannan wuri abu ɗaya ne, watau ta ƙara yawan gawa. Faɗan da ake yi da sanda da kwari da baka ya riga ya ci rayuka, ya ƙone gidaje, amma har yanzu faɗa ne da hakimi da arɗo za su iya zama a kansa, a ƙiyasta ɓarna, a biya diyya. Ranar da ɗan manomi mai albashi ya shigo da irin wannan makami, makiyayi ba zai zauna ba. Sa ɗaya ko biyu zai kai kasuwa ya sayo wadda ta fi taka. Tarihin garinmu ma ya koya mana cewa kowace bindiga tana da babbar yaya. A watan Afrilu na 1906 mayaƙan Haɗeja, waɗanda tun zamanin Sarki Buhari ake shakkar dawakinsu a ƙasar Hausa da Barno, suka tari rundunar Ingila da ƙarfin zuciyar da ba a taɓa musu a kai ba. Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jarumawansa masu yawa, domin abokan gaba sun zo da bindigogin da suka fi nasu. Su sun tsaya ne don kare ƙasa da addini daga baƙo, wannan abin alfahari ne. Wanda zai fara tseren makami da maƙwabcinsa a kan kadadar shinkafa ba shi da irin wannan hujja.

Kada kuma a ɗauka ina ƙyamar maharbanmu. Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, amma dubi yadda magabata suka riƙe ta. Yaro ba ya tashi rana ɗaya ya zama maharbi. Sai ya bi ubangida shekara da shekaru, ya san daji, ya san abin da ake harbi da wanda ba a harbi, kuma akwai Sarkin Baka a kansa, wanda ya san kowane mai adaka a yankinsa, shi kuma yana ƙarƙashin hakimi da sarki. Ko da wannan tsari, zamani ya sa riƙe bindiga ya zama haɗari ga mai ita. A watan Maris na 2025 wasu maharba 16 da ke kan hanyar komawa Kano daga kudu suka rasa rayukansu a Uromi ta Jihar Edo, bayan an ga adaka a motarsu, aka yi musu kisan gilla. Laifin na makasansu ne ɗari bisa ɗari. Amma abin ya nuna mana irin ƙasar da muke ciki, inda tsoro ya yi yawa har ganin makami kaɗai yake sa a yanke wa mutum hukunci.

To, mene ne abin yi? Ga hukuma, ina ganin abu uku. Na farko, a ci gaba da aikin da aka ƙarfafa a zamanin Gwamna Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, na shata burtali da makiyaya da samar musu da ruwa, a kuma hukunta duk wanda ya shiga, ko mai gona ne ko mai shanu, ko babba ne ko ƙarami. Na biyu, a mai da sarar kachala da yashe hanyoyin ruwa aikin kowace shekara, a kuma tsara sakin ruwan Tiga da Challawa da shawarar mutanen da ke ƙasan kogi. Na uku, a yi wa maharba da 'yan sintiri rajista, a san adakar kowa, su yi aiki a ƙarƙashin 'yan sanda da masarauta, a kuma kusantar da jami'an tsaro ga fadama a lokacin girbi, tun da an san watannin da rigima ke tashi.

Mu kuma ɗalibai da ƙananan ma'aikata, namu aikin ya fi kusa. Mu ne za mu zama malaman gona, da masu safiyo, da magatakardan kotu, da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Takardar filin da aka sayar a tsakiyar burtali, wani mai ilmi ne irinmu ya sa mata hannu. Ƙarar manomin da ta kwana wata shida a ofis har ya fid da rai ya koma ga gora, a kan teburin wani irinmu ta kwana. Idan muna son gonakin iyayenmu su tsira, to a nan ne ƙarfinmu yake. Kuɗin da za a ɓatar a kan haramtaccen ƙarfe kuwa sun isa su sayi injin ban-ruwa, ko su biya masu gadi a makon girbi, ko su haɗa zaman sulhu tsakanin ƙungiyar manoma da arɗo tun kafin shanu su sauko.

Abokina dai na gaya masa duk wannan. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai yi shawara da Baba tukuna. Na kuwa san abin da dattijon zai ce masa, domin ya shekara fiye da arba'in yana noma a fadamar nan, ya yi faɗa da makiyaya ya kuma ci abinci da su, kuma bai taɓa riƙe abin da ya wuce fartanya da lauje ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Wassalam.