Litinin Ma Ta Ubangiji Ce

Mako kwana bakwai ne. Safiyar Lahadi mun ba Allah ita: mun sha ado, mun rera waƙa, mun ba da baiko, mun karɓi Jibi Mai Tsarki. To, sauran kwana shidan na wane ne? A cikinsu muke noma, muke awo a kasuwa, muke tuƙa keke, muke tsayawa gaban allo, muke goyon yara da jinyar tsofaffi. Mafi yawan ranmu a nan yake ƙarewa, kuma a nan Allah yake jiran mu zama tsarkaka.

Da yawa daga cikinmu mun taso da tunanin cewa tsarki rabon Fada ne da Sista, mu kuwa namu shi ne mu cika benci mu ce amin. Ikilisiya ba ta koyar da haka ba. Ranar 21 ga Nuwamba 1964, bishop-bishop na duniya da suka taru a Roma domin Majalisar Vatikan ta Biyu, tare da Fafaroma Bulus na Shida, sun fitar da takardar Lumen Gentium, suka ware babi na biyar sukutum domin magana ɗaya: duk wanda aka yi wa baftisma an kira shi zuwa cikakken tsarki, da aure ko ba aure, ko wace irin sana'a yake yi. Ruwan da aka zuba a kan bishop shi aka zuba a kan mai tuyar ƙosai. Tun kafin nan ma, a 1609, Waliyyi Francis de Sales, bishop na Geneva, ya rubuta littafi domin masu aure da masu sana'a su san yadda za su bi Allah daga inda suke. A 1928 kuma, a birnin Madrid, wani matashin Fada mai suna Josemaría Escrivá ya kafa ƙungiyar Opus Dei a kan wannan koyarwa, cewa aikin yau da kullum, in an yi shi da kyau domin Allah, hanya ce ta tsarki. Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya sa shi cikin waliyyai a 2002.

Amma me ya kai mu nesa? Ku dubi Nazarat. Ubangijinmu ya yi wajen shekara talatin a wannan ƙaramin gari kafin ya fara wa'azi, wa'azin kuwa shekara uku ne kawai. Mutanen garin da sassaƙa suka san shi. Hannun da aka kafa wa ƙusa a kan gicciye hannu ne da ya yi kanta wajen riƙe kayan aiki. Uwarmu Maryamu ta ɗebo ruwa, ta yi niƙa, ta hura wuta. Yusufu ya ciyar da Ɗan Allah da guminsa, shi ya sa a 1955 Fafaroma Pius na Goma Sha Biyu ya sa 1 ga Mayu ta zama idin Yusufu Ma'aikaci. Waɗannan shekaru talatin suna cikin aikin cetonmu. Wanda ya raina aikin hannu ya raina mafi tsawon zamanin Yesu a duniya.

Bari in ba ku labarin wasu miji da mata, domin kada wani ya ce wannan maganar littafi ce. Louis Martin mai gyaran agogo ne a garin Alençon na Faransa. Yana saurayi ya nemi shiga gidan sufaye, aka mayar da shi saboda bai iya Latin ba. Zélie Guérin ita ma ta nemi zama Sista, ba a karɓe ta ba, sai ta koyi saƙar leshi, ta kafa sana'arta har tana ɗaukar mata aiki. Suka yi aure a 1858. Allah ya ba su 'ya'ya tara, huɗu suka rasu tun suna ƙanana. Iyayenmu mata da suka taɓa binne ɗa sun san abin da ke cikin wannan lissafi. Duk da haka asuba ta fari suna coci, hantsi suna bakin aiki. Louis ba ya buɗe shago ranar Lahadi ko da kuwa ciniki zai wuce shi. Zélie tana kula da ma'aikatanta, tana biyansu haƙƙinsu, tana renon yara, tana fama da ciwon dajin nono har ya ɗauke ta a 1877. 'Ya'yansu mata biyar da suka rayu duk sun zama Sista, autarsu kuwa ita ce Waliyyiya Tereza ta Lisieux. Ranar 18 ga Oktoba 2015 Fafaroma Francis ya sa Louis da Zélie cikin waliyyai a rana ɗaya, a matsayin miji da mata. Ba su kafa coci ba, ba su je wa'azi ƙasar waje ba. Shago, ɗaki, makabarta da bagadi, iyakar filin da suka yi tserensu ke nan, kuma ya isa.

Yanzu mu dawo kanmu, a Kaduna da Kafanchan, a Shendam da Yola, a Maraɗi, duk inda ake addu'ar Katolika da Hausa. Tsarkin aiki yana farawa da yin aikin da gaskiya. Mama, mudun da kike awo da shi, gindinsa a buge yake ko lafiyayye ne? Baba, buhun masarar da ka kai kasuwa, abin da ke sama shi ne a ƙasa? Tela, kai da ka karɓi ɗinkin Kirsimeti na mutum talatin alhali ka san ƙarfinka na goma sha biyar ne, me za ka ce wa yarinyar da za ta je coci da tsohon kaya tana hawaye? Malamin makaranta da ke sa hannu a rajista ya tafi harkarsa, ma'aikacin ofis da fayil ba ya motsi a teburinsa sai an ba da na goro, bakanike da ke sa tsohon ƙarfe ya karɓi kuɗin sabo, dukanmu muna zuwa layi ɗaya ranar Lahadi muna buɗe hannu. Ina faɗin wannan da ciwon zuciya, domin maƙwabcinmu Musulmi ko wanda ba ya zuwa ko'ina ba ya jin wa'azin Fada. Abin da ya sani game da Yesu shi ne abin da ya gani a awonmu da alkawarinmu.

Ku kuma masu ɗaukar mutane aiki, tun 1891 Fafaroma Leo na Goma Sha Uku ya yi magana a kan ladan da zai ishi ma'aikaci ya rayu da mutunci. Yarinyar da kuka ɗauko daga ƙauye tana muku wanke-wanke, tana zuwa makaranta? Tana cin abin da 'ya'yanku ke ci? Ku sani Waliyyiya Zita ta garin Lucca a Italiya 'yar aiki ce, ta shiga gidan masu kuɗi tana da shekara 12, ta yi shekara 48 tana hidima a gidan. Wataƙila wadda ta fi kowa kusa da Allah a gidanku ita ce mai kwana a tabarma kusa da kicin.

Gida kuwa, nan ne gwajin ya fi zafi, domin a gida ba mai iya ɓoye halinsa. Majalisar Vatikan ta kira iyali ƙaramar Ikilisiya. Auren da aka ɗaura a gaban bagadi sakramenti ne, kuma alherinsa bai ƙare da shinkafar biki ba. Yana nan ranar da kuɗin cefane ya gaza, ranar da uwar miji ta faɗi maganar da ta soki zuciya, ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Maza, da ku nake. Ku ji labarin Benedict Daswa, shugaban makarantar firamare a yankin Venda na Afirka ta Kudu, uban 'ya'ya takwas. An san shi da taya matarsa aikin gida, har da wanki da ɗebo itace, abin da mazan garin ke ganin ƙasƙanci ne. A farkon 1990 tsawa ta yi ɓarna a ƙauyensu, aka ce kowa ya ba da kuɗi a kira boka ya nuna mayen da ya jawo ta. Daswa ya ƙi, domin ya san wani marar laifi za a kashe. Ranar 2 ga Fabrairu 1990 aka tare shi a hanya aka kashe shi, a 2015 kuma Ikilisiya ta sa shi cikin masu albarka. Ƙarfin da ya tsaya da shi a wannan rana a gida da aji ya tara shi, kamar yadda manomi ke cika rumbu dami bayan dami. Mutumin da albashinsa ke ƙarewa a gidan burkutu, wanda matarsa ke jin tsoron ƙarar takalminsa, ina zai samo irin wannan ƙarfi?

Saboda haka ku tashi, mu fara. Da ka farka, kafin hannunka ya kai ga waya, yi alamar gicciye ka miƙa wa Allah aikin ranar dukansa, da gajiyarsa da ɓacin ransa. Tsakar rana ta yi, tsaya minti biyu ka yi addu'ar Mala'ikan Ubangiji, ko a gona kake ko a tasha. Da dare ku tara yara, ko goma ɗaya ce ta rosari ku yi tare, kuma kada miji da mata su juya wa juna baya da fushi. In Lahadi ta zo aka ɗauki gurasa da ruwan inabi zuwa bagadi, ku tuna wani ne ya noma alkamar, wani ya niƙa, wani ya gasa. Ku ɗora makonku a kan wannan faranti.

Zumuntar Mata, a taronku na gaba ku zauna ku yi maganar mudu da bashi da 'yan aiki. Matasa, ku koyi sana'a ku iya ta sosai, ku bar satar jarrabawa. Katikis, ku koya wa masu shirin baftisma labarin Louis da Zélie da Daswa. Iyayenmu Fada, ku kira mu ranar 1 ga Mayu mu zo da fartanya da almakashi da alli ku sa musu albarka. Wanda kuma ya san yana riƙe da ladan leburan da ya yi masa aiki, ko kuɗin marainiya, ko bashin da ya yi shiru a kai, ya je ya biya a wannan makon, sannan ya nemi Fada ya furta zunubinsa.