"Akwai sola" ba hujja ba ce, a nuna mana lissafi

'Yan uwana ɗalibai, musamman masu haya a Fadaman Mada, mu daina bari ana mana wayo da kalmar "akwai sola". Tun bayan duhun Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta kwashe sama da mako babu wuta, sai ka ga mai gida ya ɗora farantan sola biyu a kan kwano, ya ƙara kuɗin haya, wai an rabu da NEPA. Ƙarfe goma na dare inbata ta fara kuka, kowa ya koma karatu da tocilan waya.

Wallahi rana ba ta da laifi. Laifin na mai haɗa kaya ba lissafi ne.

Ku duba. Batir mai ruwa na 12V 200Ah, rabin ƙarfinsa kawai ake so a zuƙa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Wato wat 1,200 na awa ɗaya. Fanka ɗaya tana jan kusan wat 70. Ɗaki goma, fanka goma, wat 700 ke nan. Ko awa biyu batirin ba zai kai ba, tun ba a zo kan kwamfuta da cajin waya ba, balle wani ya saci jiki ya jona dutsen guga.

Sannan ina faranti ya kalla? A Bauchi kudu ya kamata ya fuskanta, da ɗan karkata, nesa da inuwar tankin ruwa. Wa zai goge ƙurar hunturu? An yi lissafin hadarin Agusta? Siririyar waya ba fis kuwa, gobara ake gayyatowa ɗakin da muke kwana.

Tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a BUK a 2019 ba da "Allah Ya sa ya isa" aka gina ta ba. Sai da aka auna bukata tukuna. Gidan haya ma haka yake, girma ne kawai ya bambanta.

Don Allah kafin ka biya, tambayi mai gida: faranti nawa, batir nawa, ɗaki nawa? Awa nawa zai ɗauke mu da dare? In batir ya mutu wa zai saya? A rubuta a takardar haya. In ya fara kame-kame, to kuɗin ado yake son karɓa, ba na wuta ba.