Zauren Ɗalibai: Wanda ya faɗi Kemistiri zai iya zama likitan haƙori?

A makon nan mun jingine batun da muka shirya kawo muku, saboda wata wasiƙa da ta zo mana daga Kurfi. Wata ƙanwarmu ce 'yar ajin ƙarshe na sakandare ta rubuto, amma ba a kan kanta ta fara magana ba, a kan yayanta ne.

Ta ce tun yana ƙaramin aji burinsa ya zama likitan haƙori. Da sakamakon WAEC ya fito, sai ga D7 a Kemistiri. Ya gyara a shekara ta gaba, amma makinsa na JAMB bai kai ba, sai ya karɓi gurbin da ya samu a wani fannin kimiyya don kada ya zauna a gida. Zuciyarsa ba ta wurin, karatu ya yi sanyi, ya kwaso kariyoba biyu a shekarar farko. Yanzu in ya dawo hutu ko maganar makaranta ba ya so a yi. Tambayoyinta biyu ne: shin ƙofa ta rufe wa yayanta ke nan? Ita kuma me za ta yi don kada ta bi sawunsa?

Ƙanwarmu, ƙofa ba ta rufe ba. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ƙofar ƙarama ce, kuma duk shekarar da ta wuce ba a yi gyara ba, ƙara tsukewa take yi. Mai ciwon haƙori in ya tsaya ɗaure kunci da shan maganin zogi, kogon ci gaba yake yi da cin haƙorin. Sai an buɗe baki an ga wane haƙori ne, a wane gefe, sannan a san aikin da za a yi. Faɗuwa a karatu ma haka take. Abu na farko shi ne mutum ya san takamaimai inda ya faɗi.

Matakan da ake takawa

Karatun likitan haƙori, wanda ake kira BDS, shekara 6 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, 5 ga wanda ya shiga kai-tsaye aji biyu. Bayan nan akwai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. A nan kusa da mu, Jami'ar Bayero ta Kano tana da tsangayar wannan fanni, ɗalibanta suna koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Jami'ar Maiduguri ma tana da ita, haka tsofaffin jami'o'in Legas, Ibadan, Ife da Benin. Hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, ita ce ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamai da kayan aikinta. Shi ya sa guraben ba su da yawa, masu nema kuwa ga su nan birjik.

Mataki na farko kiredit biyar ne: Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 ba sa shigar da mutum wannan fanni, ko da sauran darussansa duk A1 ne. Jami'o'i da yawa kuma suna son biyar ɗin su fito a zama ɗaya. Don haka wanda zai sake WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, ya fara duba sharaɗin jami'ar da yake so a littafin bayanin JAMB. In zama ɗaya take nema, sai ya sake rubuta biyar ɗin duka, kada ya tsaya kan wanda ya faɗi kawai.

Mataki na biyu JAMB ce. Darussa huɗu ne: Turanci, Fizis, Kemistiri da Bayoloji, jimillar maki 400. Tambayoyi 180 ne a cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran ukun 40 kowanne. Ku yi lissafi da kanku: daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yara da yawa sun san amsa, lokaci ne ke ƙare musu, ko kuma hannunsu bai saba da kwamfuta ba.

Mataki na uku tantancewar jami'a ce. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe gida uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, kuma Katsina tana cikinsu. Wannan dama ce, amma kada ta ruɗe ku. A cikin wannan kason ma da ɗan Funtuwa da 'yar Daura da na sauran jihohi za ku yi takara, kuma mai maki mafi yawa za a fara ɗauka.

Hanyoyin da suka rage wa yaya

Hanya ta farko: ya sake zama JAMB ya fara daga aji ɗaya. Zai yi asarar shekara ɗaya ko biyu, amma zai shiga da sabon shafi. Kafin ya yi rajista ya tambayi ƙa'idar hukumar a kan wanda yake da gurbi a hannu, kuma kada ya ajiye karatun da yake yi sai sabon gurbin ya tabbata.

Hanya ta biyu: karatun share fage na IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da jarrabawarsa. A jiharmu akwai makarantar share fage ta jami'ar a Funtuwa, wato SBRS. Ana ɗaukar darussa uku, mai son wannan fanni kuwa Fizis, Kemistiri da Bayoloji zai ɗauka. In sakamako ya yi kyau sosai, ana iya neman shiga aji biyu kai-tsaye. Guraben wannan hanya sun fi na JAMB ƙaranci, don haka sakamako tsaka-tsaki ba ya wadatarwa.

Hanya ta uku: ya ƙarasa digirin da yake yi da sakamako mai ƙarfi, sannan ya nemi shiga kai-tsaye da shi. Galibi ana neman digiri a fannin da ke da alaƙa da lafiya ko kimiyyar rayuwa, mai daraja ta ɗaya ko babbar daraja ta biyu, wato matsakaicin maki 3.50 zuwa sama a ma'aunin 5.00. A nan ne muke so ku ɗauko biro. A ce digirin na shekara huɗu ne, nauyin darussan kowace shekara ɗaya ne, yaya kuma ya gama shekarar farko da 2.40. Don ya fita da 3.50, sai ya riƙa samun kusan 3.87 a kowace shekara cikin ukun da suka rage. Da wuya, amma ana yi. In ya bari har ƙarshen shekara ta biyu yana kan 2.40, sai ya samu 4.60 a kowace shekara cikin biyun da suka rage. In ya kai ƙarshen ta uku a haka, lissafin ya ƙi, domin sai ya samu 6.80, ma'aunin kuwa a 5.00 ya tsaya. Ƙanwarmu, ki nuna masa wannan lissafi. Shekarar da yake ciki yanzu ita ce mafi araha da zai samu.

Akwai kuma hanya ta huɗu da ba mu so a raina. Asibitin haƙori ba likita kaɗai ke aiki a cikinsa ba. Akwai masu wanke haƙori da kula da dasashi, akwai masu ƙera haƙoran roba, akwai masu taimaka wa likita a ɗakin aiki. Ana koyon waɗannan a kwalejojin fasahar lafiya, kuma sana'o'i ne masu rajista da mutunci. Wanda zai bi nan ya tabbatar hukumar da ke kula da fannin ta amince da kwas ɗin kafin mahaifinsa ya biya ko sisi.

Ke kuma da sauran 'yan aji

Rigakafi ya fi magani. Ku ɗauko takardun jarrabawarku na zangon da ya wuce, kada ku tsaya kan makin da malam ya rubuta a sama. Ku bi tambayoyin da kuka faɗi ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta dalili a gefen kowace: ban karanta babin ba, na karanta ban gane ba, na sani lokaci ya ƙare, ko kuwa Turancin tambayar ne ya sha mini kai. Kowane dalili da maganinsa. Wanda bai gane lissafin mol a Kemistiri ba, sake karanta littafin daga bango zuwa bango ba zai fisshe shi ba, ya nemi malami ko ɗan aji da ya iya su zauna a kan wannan babin har ya zauna masa. Wanda lokaci ke kayarwa ya riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa. Waɗanda rashin tsaro ya raba da aji na wasu makonni, ku samo jadawalin darussan WAEC da na JAMB, ku yi alama a kan duk babin da ya wuce ku, ku bi su da ɗai-ɗai.

'Yan Dutsin-Ma kuna da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Da wuya a rasa ɗalibin Kemistiri ko na Fizis a unguwarku. Ku yi sallama ku roƙi awa ɗaya a mako. 'Yan Kurfi ma tafiyar ba ta da nisa. Sannan ku duba tun yanzu cewa sunanku da ranar haihuwarku a katin NIN sun yi daidai da na rajistar makaranta, domin harafi ɗaya yana iya jawo wahalar watanni.

Kada kuma ku raina aikin hannu. Ɗalibin wannan fanni yana sassaƙa haƙori da kakin zuma, yana koyon ciko a bakin mutum-mutumi kafin a bar shi ya taɓa majiyyaci. Mai ɗinkin hula, mai zanen lalle da mai gyaran waya duk suna horar da yatsun da aikin yake bukata.

Me ya sa muka damu?

Wani zai ce duk wannan wahala a kan haƙori? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki. A yankinmu na Arewa maso Yamma akwai wata cuta da likitoci ke kira noma, ba noman gona ba, wadda ke kama ƙananan yara masu fama da tamowa. Tana farawa da kumburin dasashi, in ba a tare ta ba cikin 'yan kwanaki ta ci kunci da leɓe. Tun 1999 akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, kuma a Disambar 2023 hukumar ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. In aka gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Ana bukatar wanda zai duba bakin yaron da wuri, wanda kuma zai yi wa uwar bayani da Hausar da take ji. Ranar aiki majiyyaci ba zai tambayi likita sau nawa ya zauna JAMB ba.

Ƙanwarmu, ki gaishe mana da yaya. Ki ce masa ya karɓo cikakken sakamakonsa na shekarar farko, ya je wurin malamin da ke kula da ajinsu su duba tare, ya zaɓi hanya ɗaya cikin huɗun nan kafin a buɗe rajistar JAMB ta gaba, ya kuma zauna da Baba ya faɗa masa gaskiyar halin da ake ciki. Sannu ba ta hana zuwa, amma sai an tashi an kama hanya.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake tsara jadawalin bita na wata uku kafin WAEC. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Mu kwana nan.